Ka Fara da Jela: Yadda Ake Haɗa Jirgin CH 701 Mai Kujera Biyu da Hannu

Na taso a Zariya, inda kowane yaro ya san kukan ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke zagaya gari tun da hantsi. Kawuna maƙerin kwano ne, akwatunan ƙarfe da bokitai da mazurarai yake yi, kuma a rumfarsa na koyi riƙe almakashin kwano da lanƙwasa baki ba tare da ya tsage ba. Bayan shekaru da dama neman abinci ya kai ni lardin Ontario a Kanada. Can na tarar da wani dattijo maƙwabcina yana fama da fallayen alminiyom a garejin motarsa. Na tambaye shi abin da yake ƙerawa, ya ce jirgin sama. Da na leƙa sai na ga aikin kawuna ne sak: awo, yanka, lanƙwasa, huda, ɗaurewa da ribit, wato 'yar ƙusar da ke haɗe fallayen kwano. Tun daga ranar na zama yaron aikinsa, muka shekara huɗu a kan jirgin, galibi Asabar da Lahadi.

Jirgin shi ne STOL CH 701, mai kujera biyu gefe da gefe; STOL na nufin mai tashi da sauka a ɗan gajeren fili. Abin da zan zayyana maka a nan shi ne yadda ake kama aikin, daga bakin wanda ya ɓata kwano ya sake yankawa.

Ka fara sanin ajin jirginka

Kafin ka sayi ko ribit ɗaya, ka san cewa "jirgi mara nauyi" kowace ƙasa da abin da take nufi da shi. Abin ya samo asali ne a Amurka a 1975, lokacin da John Moody na jihar Wisconsin ya ɗaura ƙaramin inji a kan fiffiken nan da mutum ke rataya a jikinsa ya diro daga tudu. Mutane suka yi ta kwaikwayonsa har hukuma ta kafa doka a 1982: kujera ɗaya tak, nauyin jirgi fanko kada ya kai kilo 115, mai kada ya wuce lita 19. Saboda haka a Amurka CH 701 ba ya cikin wannan aji. Yana cikin ajin ƙananan jiragen nishaɗi da aka buɗe a 2004, wanda a lokacin aka sa wa iyakar kilo 600. A Kanada da Turai kuwa an yarda da kujera biyu. Turai ta daɗe a kan iyakar kilo 450 ga jirgi da mutanensa da mansa, kafin ƙasashe da yawa su ɗaga ta zuwa 600. Wannan magana ita za ta gaya maka irin lasisin da za ka nema da irin dubawar da za a yi wa aikinka. In a Najeriya kake, ka je wa NCAA, hukumar kula da harkokin jiragen sama, da tambayarka tun kafin ka kashe kuɗi, haka nan kowace ƙasa da tata hukumar.

Wanda ya zana jirgin shi ne Chris Heintz, kuma haruffan CH na sunansa ne. An haife shi a Faransa a 1938, ya yi karatun injiniya a Zurich, ya yi aiki a kan Concorde, jirgin fasinjan da ya fi sauti gudu, sannan ya zama babban injiniya a kamfanin Robin mai ƙera ƙananan jirage. A 1973 ya yi ƙaura zuwa Kanada ya kama aiki da kamfanin jirage na de Havilland, a 1974 ya kafa kamfaninsa Zenair a garejin gidansa. CH 701 ya fito a 1986. Daga baya ɗansa Sebastien ya buɗe kamfanin Zenith a 1992 a wani gari mai suna Mexico cikin jihar Missouri, inda ake yanka sassan jirgin ana aika wa masu haɗawa. Heintz ya rasu a 2021. Abin da ya fi burge ni game da shi, mutumin da ya taɓa aikin jirgin da ya fi sauti gudu shi ne ya zauna ya zana jirgin da talakan maƙeri zai iya haɗawa da almakashi da injin huda, wanda kuma duk gwanintarsa tafiya a hankali ce.

Ka karanta jikinsa kafin ka yanka komai

Duk wanda ya fara ganin CH 701 cewa yake yi ba shi da kyau. Jikinsa kamar akwati, fiffikensa mai kauri, jelarsa a ɗage. To ka riƙe wannan: babu wata kusurwa a jikinsa da aka yi don ado. Tambaya ɗaya Heintz yake amsawa, wato yaya mutum biyu za su tashi su sauka a ɗan fili ba tare da kwalta ba. Kamfanin ya ce da cikakken kaya jirgin na barin ƙasa a ƙasa da mita 37 a kan ciyawa. Filin ƙwallo ya fi mita 100.

Dubi gaban fiffike. Akwai wani leɓe da aka kafe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da rata tsakaninsa da fiffiken. Fiffike na yau da kullum in ka ɗaga hancinsa ya wuce digiri 15 ko 16, iskar da ke bin bayansa sai ta sake shi, ɗagawa ta ƙare, jirgi ya zube. Ratar nan tana matse iska ta feso ta kan bayan fiffiken, ta hana shi saki har wajen digiri 30. Shi ya sa jirgin ke iya tafiya a kilomita 48 cikin awa bai faɗi ba. Dabarar tsohuwa ce. Gustav Lachmann a Jamus da Handley Page a Ingila suka gano ta a ƙarshen yaƙin duniya na farko, kuma jirgin Jamusawa Fieseler Storch na 1936 da ita ya yi suna. Kuɗin da ake biya shi ne gudu: leɓen na jan iska ko da ba ka bukatarsa, don haka tafiyar jirgin ba ta wuce kilomita 130 a awa da inji mai ƙarfin doki 80. Za ka ji masu cewa ka cire shi ka sami ƙarin gudu. Ni ban goyi bayan haka ba ga wanda ke haɗa jirginsa na farko, domin siffar hancin fiffiken da wurin daidaiton nauyi duk da leɓen aka lissafa su.

A bayan fiffike kuma akwai wasu siraran fallaye biyu da ke rataye ƙasa kaɗan, a ware daga fiffiken. Aiki biyu suke yi. In ka karkata sandar tuƙi, ɗaya ya sauka ɗaya ya hau, jirgi ya kwanta gefe. In ka ja hannun saukarwa, duka biyun su sauka tare su ƙara ɗagawa. An rataye su a ware ne don su riƙa samun iska mai tsabta ko da jirgin na rarrafe. Jelar kwance kifaffiya ce, cikinta a sama bayanta a ƙasa, don ta danne wutsiya ta ɗaga hanci a ƙaramin gudu. Jelar tsaye kuwa gaba ɗayanta ke juyawa. Sandar tuƙi ɗaya ce a tsakanin kujerun, mai rassa biyu kamar gwafa, kowa da nasa reshe. Tayoyi uku manya, na gaba an ɗaure shi da igiyar roba mai shanye gargada.

In ka fahimci waɗannan, hannunka zai daina ƙaiƙayin gyara abin da ba ka san dalilinsa ba.

Jelar tsaye ita ce makaranta

Hanya biyu ce. Ko ka sayi sassa yankakku ka haɗa, ko ka sayi zane kawai ka yanka komai da kanka. Mu ta biyun muka bi. Ko wacce ka zaɓa, ka sayi zanen asali mai lambarsa. Lambar nan ita ce shaidar jirginka, kuma kofen da ya bi hannu goma ba ka san gyaran da ya rasa ba. Awon zanen da milimita yake, abin da ya sauƙaƙa mini ƙwarai.

Ka fara da jelar tsaye. Ƙarama ce, ba ta da tsada, amma duk abin da za ka yi a sauran jirgin yana cikinta: ƙashin baya, haƙarƙari, fata. Kamfanin kansa yakan shirya bitar kwana biyu inda baƙi ke haɗa ita wannan jela. In ka gama ta ka ji ranka bai kwanta da aikin ba, ka tsaya nan, ba ka yi asarar kirki ba.

Kwanon shi ne alminiyom mai lamba 6061-T6, kuma ka ga lambar a buge a jikin falle da idonka. Kwanon rufi ko na tukunya ba ya shiga wannan aiki, komai kamarsa. Yawancin fatar jirgin kaurinta milimita 0.4 ne, kusan rabin kaurin katin ATM, don haka in za ku ɗaga falle ku ɗaga shi mutum biyu, in ba haka ba ya karye ya bar tabo. Kada ka yi zane a kansa da ƙusa kamar yadda muke yi a rumfar kawu. Karce a jikin jirgi mafarin tsagewa ne. Kada kuma ka yi da fensir, baƙinsa na jawo wa alminiyom ci. Alƙalamin maka mai siririn baki shi ne abin zane.

Kayan aikin ba su da yawa: almakashin kwano na dama da na hagu, injin huda, magagari, gudumar roba, ruler ƙarfe, ma'aunin ruwa, bindigar ribit, da wasu maƙalai na wucin gadi da ake kira Cleco, masu riƙe falle biyu ta cikin rami kafin a sa ribit. Ka sayi ɗaruruwansu. Launinsu ke nuna girmansu: fari na ƙaramin rami, ja irin na tagulla na matsakaici, baƙi na babba. Sai teburi mai tsawon kamar mita uku da rabi, shimfiɗaɗɗe sosai. A kan teburin nan na yi kuskurena na farko. Wata ƙafarsa ta ɗan nutse, ban auna ba, na huda fatar jela a kan ƙashin da ya murɗe kaɗan. Da muka ɗaga ta muka hango ta daga ƙarshe, sai ga ta a karkace. Ramukan da aka huda ba sa komawa. Muka yanka sabuwar fata, kuma tun daga nan ban sake huda rami ba sai na ɗora ma'aunin ruwa a duka ƙarshen biyu.

Haƙarƙari kuwa a kan katako ake fitar da su. Za ka yanka katako biyu daidai siffar haƙarƙarin, ka matse kwanon a tsakaninsu, ka riƙa kwantar da bakin da gudumar roba sannu sannu, kana zagayawa. A nan ne hannun maƙeri ke da amfani, a nan ne kuma yake iya yaudararsa. Wannan alminiyom ba ya son lanƙwasa mai kaifi. Sai ka goge bakin katakon ya yi kumburi na kimanin milimita 3, in ba haka ba kwanon ya tsage a gwiwa, wani lokaci tsagewar da ido ba ya gani sai an haska fitila. Bayan lanƙwasa haƙarƙarin zai bauɗe kamar ayaba. Da wata filaya mai yin ƙananan kwari a bakin ake miƙe shi, kuma kwarin su faɗa tsakanin wuraren ribit.

Huda tana da tsari, kuma kada ka tsallake ko mataki ɗaya. Ka fara da ƙaramin rami, ka maƙale da Cleco, ka duba komai ya zauna, sannan ka faɗaɗa ramin zuwa girman ribit. Ribit iri biyu ne suka fi yawa, A4 mai milimita 3.2 da A5 mai milimita 4, kuma zane zai gaya maka wanne da tazararsa. Daga tsakiyar rami zuwa bakin kwano kada ya gaza ninki biyu na kaurin ribit. In ka gama huda, sai ka kwance komai gaba ɗaya, ka kankare ƙaiƙayin ƙarfen da ke bakin kowane rami ciki da waje, ka share, ka shafa maganin tsatsa a inda falle zai kwanta kan falle, ka mayar, sannan ka ja ribit. Wannan kankara ita ce aikin da ya fi gundura a duk jirgin, ramuka dubbai ne. Amma ɗan ƙaiƙayin da ka bari zai hana fallayen haɗuwa, girgizar inji ta cinye shi, ribit ya yi sako-sako, bayan shekara ka ga baƙin zobe ya kewaye kansa. Dattijon nan yakan bi bayana da ɗan yatsa, in ya ji kaifi a rami ɗaya sai na sake bin layin duka. A lokacin nakan ji nauyin abin, yanzu kuwa ni ma haka nake yi wa duk wanda ya taya ni.

Wata dabarar Heintz da ya kamata ka sani: ribit ɗin masu shafaffen kai ne, amma bakin bindigar an ƙwaƙule shi kamar ƙoƙo, don in an ja kan ribit ya dunƙule ya kama kwano da kyau. In ka yi amfani da bakin bindiga na kasuwa yadda ya zo, ribit ɗinka ba za su zauna yadda aka lissafa ba.

Bayan jelar tsaye sai jelar kwance, sai leɓuna da fallayen baya, sai fukafukai, sannan gangar jiki. Babban ƙashin fiffike da daskararrun ribit ake ɗaure shi, kuma shi ne ke ɗauke da ranka. Ko da komai kake yankawa da kanka, shawarata ka saye shi a haɗe.

Kada ka ɗauka wannan aikin Turawa ne kaɗai. A Kpong ta ƙasar Gana, kusa da kogin Volta, an haɗa irin wannan jirgi, kuma Patricia Mawuli, wadda ta fara da aikin tuge kututture a filin jirgin, ta zama matuƙiya mai haɗa su da hannunta tana koya wa 'yan mata. A Kaduna ma an haɗa jirage 60 masu kujera biyu da ake kira Air Beetle don horar da sojojin sama, duk da cewa su sun fi wannan nauyi da gudu.

Lissafin kilo

A takarda jirgin fanko kilo 263 ne, iyakarsa da kaya kilo 499. Saura 236. Cikakken tanki lita 76 ne, wajen kilo 55. Saura 181. Mutum biyu masu kilo 85 kowanne sun ɗauke 170. Abin da ya rage maka na jaka kilo 11 ne. Yanzu ka tuna duk abin da ka ƙara a gareji, fenti mai kauri, kujera mai laushi, ƙarin ƙarfe "don ƙwari", daga cikin 11 ɗin nan yake fita, sannan ya shiga cin man tankinka. Mu a rumfa mun saba in abu ya yi mana siriri mu ninka shi. A jirgi ƙarin ƙwari a wuri ɗaya tura wahala yake yi zuwa wurin da ba a shirya mata ba. In an gama, ka ɗora kowace taya a kan sikeli, ka lissafa inda nauyin ya taru, ka tabbata yana cikin iyakar da zane ya bayar, da mutum ɗaya da mutum biyu, da cikakken tanki da wanda ya kusa ƙarewa.

Inji

Jiragen CH 701 na farko an sa musu ƙananan injinan Rotax irin masu haɗa fetur da baƙin mai. Yau yawanci Rotax 912 ake sawa, ƙirar Ostiriya, mai silinda huɗu da kafireto biyu, filogi biyu a kowace silinda, da giya mai rage gudun farfela. Fetur ɗin mota mai kyau yake sha. Yana da wata al'ada da sabon shiga ke mantawa: baƙin mansa a wani tanki daban yake, don haka kafin ka auna sai ka tabbata makunni a kashe yake, ka buɗe murfin tankin, ka juya farfela da hannu ta inda take juyawa har ka ji ya yi gyatsa, sannan ka duba sanda. Kada ka taɓa juya ta baya. Kada ka tashi sai man ya kai zafin digiri 50. Duk robobin mai da na ruwa ana canza su bayan shekara biyar ko da sun yi kyau a ido. Kowace safiya kuma ka tsiyayi ɗan fetur daga ƙasan tanki a kwalba mai haske ka duba ruwa.

Dubawa da tashin farko

A Kanada mai dubawa yakan zo kafin a rufe fukafukai ya leƙa cikinsu, ya sake dawowa in an gama. Ko dokar ƙasarka ba ta ce haka ba, ka nemo wanda ya san aikin ya duba kafin ka rufe abin da ba za a sake gani ba. Awa 25 na farko ba a ɗaukar fasinja.

Haɗa jirgi bai mayar da kai matuƙi ba. Ka yi lasisi, sannan ka sami awoyi a irin wannan jirgin tare da malami, domin halinsa daban ne. In ka rage wuta ba ya shawagi kamar sauran. Jan iskar da ke jikinsa na tsayar da shi nan take, ya riƙa sauka kamar a kan tsani. Inji in ya mutu kana hawa da hanci a sama, sai ka tura sanda gaba a take. Wurin sauka ma ana barin 'yar wuta har taya ta taɓa ƙasa, don jelar kwance ta sami iskar da za ta ɗaga hanci. Tashin farko ka bar wa wanda ya saba, da sassafe, iska a kwance. In ranka bai kwanta da wani ƙara ko wani noti ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda zai tashe shi a ƙasarmu kuma ya yi lissafin zafi. Kano tana kan tudun kusan mita 480, amma da rana a watan Afrilu, zafi digiri 40, iskar ta yi sirantar da jirgin zai ji kamar yana kan tudun mita 1,500. Inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗagawa, mita 37 ɗin takarda ta ƙaru sosai. Ga kuma iskar rana mai tasowa daga ƙasa da ke wujijjiga jirgi mara nauyi, ga ƙurar hunturu mai toshe matatar iska ta rufe gani. Bayan asuba da gab da magariba su ne lokutansa.

Ranar da jirginmu ya cika awoyinsa, dattijon ya ce in shiga kujerar dama. Kafin nan na zagaya shi kamar yadda ya koya mini: na girgiza kowane maƙalin leɓe, na duba notin da fallayen baya ke rataye a kai, na bi wayoyin jela da hannu, na tsiyayi fetur. Ya ba shi wuta, ban gama gyara zama ba ciyawa ta koma ƙasa. Da muka daidaita sama da gonaki, na waiwaya ta taga ina kallon layin ribit ɗin da na kankare ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya nuna mini reshen sandar da ke gefena, ya ɗauke hannunsa daga nasa.